Na Tara a Jerina

Kwali guda Lawwali ya aiko min daga Zariya,
littattafan yara tara, kowanne da tambarin zinariya,
wai duk sun ci gasa.
Ya ce, "Inna, shekara talatin da biyu kina riƙe da alli,
jera mana su, daga na gaba har na baya."

Na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya,
na goge tabarau da bakin zane,
na zaro jan biro, tsohon makamina
da ya sha sa 'yan aji shida na Ƙofar Marusa kuka.

Na ɗaya, na yarinyar da ta ƙera rediyo
da gwangwanin madara da wayar keke.
Hausarsa tsaf, ba ƙugiyar da ta ɓata,
ko waƙafi bai zauna gurbin wani ba.
Na biyu, makahon da ke gane gari da ƙamshin kasuwa.
Na uku da na huɗu sun wahalshe ni,
sau uku ina musanya su kafin la'asar:
wannan ya iya tashi, wancan ya iya sauka.
Na biyar kowane babi sai ya ɗaga min yatsa.
Na shida zuwa na takwas,
yaran ciki na magana kamar alƙalai.

Na tara kuwa wani zabo ne
da ya kuɓuce daga keji a tashar Batsari,
ya shiga gari ya ƙi komawa.
Ba darasi, ba karin magana,
jimloli gajeru kamar numfashin mai gudu.
Na rubuta a gefe: "Mi aka gani a nan?"
Na danne takardar da kofin shayi, na tashi magariba.

Na sallame na tarar da takwas.

Jikata Rumasa'u ta ce ita dai ba ta ci ba.
Daga hannunta ya faɗa na Mudan ɗan mai faci,
aka gan shi Rafin Daɗi a jakar wata 'yar aji huɗu,
aka ce har mai awarar bakin titi
ta sa a karanta mata tana juya suya.

Mako biyu ya dawo kamar ɗan ci-rani:
bango ya rabu, an ɗinke da baƙin zare,
shafi na arba'in ya sha manja,
an ƙara wa zabon ɗigo-ɗigo da biro,
a ƙarshe wani hannu mai karkata ya tambaya,
"To ina ya kwana?"
Takwas ɗin suna nan ƙal, suna ƙyalli.
Gwanina, Rumasa'u ta kai shafi na sha ɗaya,
ta sa tsinken tsintsiya. Tsinken yana nan.

Na ce, "Ke, mi kuka gani?"
Ta ce, "Inna, sauran duk jira suke in ce na gane.
Shi gudunsa kawai yake."

Daren nan na haska shi da fitilar waya.
Inda zabon ya tsaya bisa katanga
yana jin kiran 'yan'uwansa cikin motar da ke tashi,
wani abu ya tokare min maƙoshi.
Na tuna wata mai shekara tara da akwatin ƙarfe,
a ƙofar makarantar kwana,
tana kallon bayan mota.

Jiya Lawwali ya bugo: "Inna, jerin fa?"
Na ce tuwon bai nuna ba.
Har yanzu ina nan kan bakana, Hausar na ɗaya ta fi.
Amma na nemi murfin biron na rufe shi,
zabon ma ba ya gida,
Mudan ya zo da sassafe, wai ƙanwarsa ta warke,
tana son ta ji da kunnenta.